Tashar Kita-Senju ta Tokiyo: Tambayoyi da Amsoshi Kan Canjin Jirgi, Tikiti da Cunkoso

Duk wanda ke zaune a gabashin Saitama, ko arewacin Chiba, ko kudancin Ibaraki, jihohin da ke kewayen Tokiyo, yana kuma aiki ko karatu a cikin Tokiyo, da wuya mako ya fita bai ratsa Kita-Senju ba. Baƙo ma da ya kama masauki mai sauƙin kuɗi a wannan ɓangare na gari nan zai riƙa canza jirgi. Mun tattara tambayoyin da suka fi rikita mutane a tashar.

Ina tashar take, kuma me ya sa ta cika haka?

Tana unguwar Senju, cikin gundumar Adachi, arewa maso gabashin Tokiyo, a kan wani tsiri na ƙasa tsakanin kogin Sumida da kogin Arakawa. Kita na nufin arewa da Japananci, minami kuma kudu. Akwai Minami-Senju, tasha ɗaya kacal daga nan, kuma uku daga cikin layukan Kita-Senju suna tsayawa a can. Mutane da yawa kan sauka da wuri saboda sun ji an ce "Senju". Ka jira sai ka ga Kita.

Tun kafin layin dogo Senju zango ce. A zamanin Edo, lokacin da Edo ne sunan Tokiyo, ita ce masauki na farko ga mai fita daga birni kan hanyar Nikko, kuma a nan aka yi gada ta farko a kan Sumida a 1594. Jirgin ƙasa ya iso a Disamba 1896, kamfanin Tobu ya biyo a 1899, layin Hibiya a 1962, Chiyoda a 1969, Tsukuba Express a 2005. Kafin annobar korona, idan aka haɗa lissafin kamfanonin duka, masu shiga da fita sun kai kimanin miliyan ɗaya da rabi a rana. Sai dai a cikin wannan adadi har da waɗanda jirgi ya wuce da su daga layin wani kamfani zuwa na wani ba tare da sun tashi daga kujera ba. Akasarin jama'ar da za ka gani ba Senju suka zo ba, sauka suke daga wannan jirgi su hau wancan.

Layuka nawa ne, kuma na su wane ne?

Layuka biyar, kamfanoni huɗu. JR East ke da layin Joban, wanda jiragensa masu sauri ke tsayawa a dandamalin da ke daidai da ƙasa, alamarsa JJ05. Tobu ke da layin Skytree, TS09, shi ma a ƙasa. Tokyo Metro na da biyu: Hibiya mai launin azurfa, H22, a hawa na uku, da Chiyoda mai launin kore, C18, a can ƙarƙashin ƙasa. Na biyar shi ne Tsukuba Express, TX05, a sama kan gada, gefe da sauran.

Ka haddace harafin da lambar. Sunayen Japananci kan yi kama da juna a kunnen baƙo, amma C18 ba ta kama da komai.

Abin dariyar shi ne layuka biyu na kamfani ɗaya su suka fi nisa da juna. Daga Hibiya zuwa Chiyoda sai ka sauko daga hawa na uku har ƙarƙashin ƙasa. Ka ware minti biyar zuwa bakwai idan ka san hanya, goma idan da kaya ko da safe ne.

An ce min in je dandamali na 1. Na je, amma jirgin da ya zo ba nawa ba ne.

Dandamali na 1 guda huɗu ne a tashar nan. JR na da 1 zuwa 3. Chiyoda na da 1 da 2. Tsukuba Express na da 1 da 2. Tobu na da 1 zuwa 4 a ƙasa, sannan lissafin ya ci gaba da 5, 6, 7 a sama inda Hibiya take, domin Tobu ke kula da wancan ginin gaba ɗaya. Lamba ita kaɗai ba ta gaya maka komai. Tambayar farko ita ce wane layi, ta biyu ina jirgin ya nufa, ta uku wane iri ne, mai tsayawa ko'ina ko mai tsallake. Lambar dandamali ce ta ƙarshe.

A da, jiragen Hibiya da na Tobu a hawa ɗaya suke, mutane su sauka daga wannan su tsallaka zuwa wancan. Da unguwannin Saitama suka cika, dandamalin ya kasa ɗaukar jama'a da safe, har ana tsoron wani ya faɗa kan dogo. Shi ya sa aka ɗaga Hibiya sama a 1996, aka kammala aikin a 1997. An samu sarari, amma kowa ya samu matakala.

Zan je Kameari ko Kanamachi. Taswira ta nuna layin Joban na JR, amma babu jirgin a dandamalin JR.

Wannan ce tambayar da ta fi kowace yawa, kuma laifin ba naka ba ne. Layin Joban kashi biyu ne: mai sauri da mai tsayawa ko'ina. Mai saurin, idan ya bar Kita-Senju, ba ya tsayawa sai Matsudo, ya riga ya haye kogin Edo ya shiga Chiba. Ayase, Kameari da Kanamachi duk ya bar su a baya. Mai tsayawa ko'ina kuwa ba shi da dandamali a sama sam. Tun Afrilu 1971 aka haɗe shi da layin Chiyoda, saboda haka sai ka sauka ƙarƙashin ƙasa ka hau jirgin da ya nufi Abiko ko Toride. Daga Ayase ya koma jirgin JR, kai kana zaune.

Mutanen Kameari da Kanamachi ba su yi murna da tsarin ba lokacin da aka kawo shi, domin ya raba su da jirgin da ke kai su Ueno kai tsaye. Jaridun lokacin har suna suka sa masa, meiwaku noriire, wato haɗin takura.

Ka kula kuma da jirgin da ke cewa Ayase ko Kita-Ayase. Na farko a Ayase zai ƙare. Na biyu zai karkata zuwa wani ɗan reshe mai tasha ɗaya. Idan Kameari ka nufa, ka sauka a Ayase ka jira na gaba.

Ta yaya jirgi ɗaya ke zama na kamfani biyu?

Ana ce masa chokutsu, wucewa kai tsaye. Layukan da ke haɗuwa a nan faɗin dogonsu ɗaya ne, milimita 1,067, kuma suna shan wuta daga wayar sama, bolt 1,500. Don haka jirgin Tobu na iya shiga ramin Hibiya har Naka-Meguro, na Metro ya fita zuwa Saitama. A kan iyaka direba da kwandasta ke canzawa, ba jirgi ba. Iyakar Tobu da Hibiya ita ce Kita-Senju kanta. Ta Chiyoda da JR ita ce Ayase. A ɗaya ƙarshen Chiyoda, a Yoyogi-Uehara, kamfanin Odakyu ke karɓa. Tun Maris 2003 jiragen Tobu masu sauri kan shiga layin Hanzomon ta Oshiage, su ratsa Shibuya, su bi layin Den-en-toshi na Tokyu har Chuo-Rinkan a Kanagawa.

Kuɗi kuwa ba ya haɗuwa. Kowane kamfani na cajin nasa ɓangaren, kowanne da kuɗin farawarsa. Tafiya gajera da ta tsallaka iyaka takan fi doguwa a cikin kamfani ɗaya tsada.

Sai na fita ta ƙofar tikiti kafin in canza layi?

Ya danganta da inda ka bi. JR, Tobu, Hibiya da Chiyoda duk a haɗe suke ta cikin hanyar ƙarƙashin ƙasa, ba ƙofa a tsakani. A zauren sama kuwa JR da Tobu kowa da ƙofofinsa, ka fita ka sake shiga. Tsukuba Express a ware take gaba ɗaya: ko ta ina ka zo, sai ka taɓa kati ka fita, ka sake taɓawa ka shiga.

Mai katin lantarki ba shi da damuwa sosai, na'urar inda zai fita za ta yi lissafi daga tashar da ya shiga. Mai tikitin takarda shi ke shiga matsala: ya sayi na Tobu, ya bi ta ƙasa ya hau JR, ya isa Ueno ƙofa ta ƙi buɗewa. Ba laifi ba ne idan ka je ka cika kuɗin. Laifi shi ne a kama mutum da gangan yana amfani da rashin ƙofar don kauce wa biya. Doka ta ba kamfani damar karɓar kuɗin tafiyar da ƙarin ninki biyu a kai.

Wane kati zan saya?

Suica na JR East ko PASMO na sauran kamfanonin, duk ɗaya ne wajen aiki. Tun Maris 2013 manyan katunan ƙasar ke aiki a layukan juna. Ana ajiye yen 500 na jingina, a dawo maka da shi ranar da ka mayar da katin. Iyakar abin da kati ke ɗauka yen 20,000 ne, kuma yawancin na'urorin zuba kuɗi tsabar kuɗi suke karɓa, don haka kada aljihu ya rasa takardar yen 1,000. Akwai Welcome Suica na baƙi, babu jingina, amma kwana 28 yake yi, kuma abin da ya rage a ciki ba a mayarwa. Mai iPhone na iya buɗe Suica a cikin wayarsa. Android sai wadda aka saya a Japan ta fi tabbas, domin waɗanda aka sayo a waje galibi ba a buɗe musu wannan fasahar ba.

Yaro ɗan firamare, shekara 6 zuwa 11, rabin kuɗi yake biya, amma katin yara sai an nuna takardar shaidar shekaru. Ƙasa da haka, yara biyu kyauta ne ga kowane babba. Mai zuwa aiki ko makaranta kullum ya yi teiki, katin wata 1, 3 ko 6 tsakanin tashoshi biyu. A cikin wannan tsakanin ka sauka ka hau sau nawa ka so.

Masu Japan Rail Pass, tikitin baƙi na hawa jiragen JR, su sani: a nan layin Joban kawai ya shafe su. Tikitin jirgin ƙarƙashin ƙasa na awa 24, 48 ko 72 yana aiki a Hibiya da Chiyoda, amma da zarar jirgin Hibiya ya bar Kita-Senju ya nufi arewa, kana kan dogon Tobu, sabon lissafi ya fara.

Ƙofa ta rufe, ta yi ƙara, jan wuta ya kama. Me na yi?

Ɗaya daga cikin huɗu. Ko kuɗin katin bai kai ba. Ko lokacin shiga katin bai taɓu da kyau ba, ka bi bayan wani ka wuce, don haka babu shaidar inda ka shiga. Ko kati biyu ne a walat ɗaya na'ura ta rasa wanda za ta karanta. Ko kuma ka shiga ka fasa tafiya, kana son fita a tashar da ka shiga.

Na farko, koma baya kaɗan, akwai na'urar cika kuɗi kusa da ƙofa daga ciki, seisanki. Sauran ukun sai ma'aikacin da ke tagar gefe. Miƙa masa katin ka faɗi sunan tashar da ka shiga. Abin da ba a so shi ne ka tsaya a bakin ƙofar kana ta sake taɓawa, layi na taruwa a bayanka. Ja gefe tukuna.

A Tobu, wane jirgi ke tsayawa a ina?

Daga Kita-Senju zuwa Kita-Koshigaya, kilomita 18.9, dogo huɗu ne jere: biyu na masu sauri, biyu na masu tsayawa ko'ina. Babu kamfani mai zaman kansa a Japan da ke da irin wannan mai tsawonsa. A aikace ga abin da yake nufi. Idan ƙaramar tasha ka nufa, kamar Kosuge, Gotanno, Umejima ko Takenotsuka, hau sama hawa na uku, domin yawancin masu tsayawa ko'ina daga ramin Hibiya suke fitowa. Idan Nishiarai, Soka, Shin-Koshigaya, Koshigaya, Sengendai ko Kasukabe ne, sauka ƙasa ka hau kyuko, wanda allo ke rubutawa Express da ja. Ba a ƙara ko yen ɗaya a kansa.

Wanda ake ƙara wa kuɗi shi ne tokkyu, jirgin musamman na tafiya mai nisa: Spacia, Spacia X, Revaty da Ryomo, masu zuwa Nikko, Kinugawa da Gunma. Kujerunsu duka na kamu ne, sai da tikiti na biyu ban da na tafiya, kuma masu barin gari suna da nasu dandamalin a ƙarshen na ƙasa. TH Liner kuma, jirgin kujerun kamu da ke bin Tobu da Hibiya, kan tsaya a nan don canjin ma'aikata kawai, ƙofa ba ta buɗewa.

Mai zuwa Asakusa ya yi hattara. Kyuko da ya nufi gari ba Asakusa yake zuwa ba. Daga Hikifune yake nutsewa cikin Hanzomon. Nemi wanda aka rubuta Asakusa a goshinsa, ko ka canza a Hikifune. Tsukuba Express ma na da tasha mai suna Asakusa, amma wata ce daban, tafiyar kusan minti goma a ƙafa tsakaninsu.

A dandamalin JR na tsaya a layi, jirgi ya zo bai kai inda nake ba.

Jiragen Joban tarago 15 ne ko 10. Idan mai 10 ne, ƙarshen dandamalin fanko yake zama. Allon sama na nuna adadin taragai, ƙasa kuma akwai alamar inda kowanne ke tsayawa. Mai tafiya nesa ya sani cewa da yawa daga masu 15 ana cire musu biyar na gaba a Tsuchiura.

Masu ratsin shuɗi, waɗanda ke wuce Toride, suna da taragai biyu masu bene, na 4 da na 5, masu alamar ganye kore. Na ƙarin kuɗi ne. Ka saya a na'urar dandamali a zuba a katinka kafin ka hau, ka zauna, ka taɓa katin a na'urar da ke saman kujera, jan wuta ya koma kore. Tsayawa a cikinsu ma sai da tikitin. Dalilin da ya sa jirage iri biyu, masu wuce Toride da waɗanda ba sa wucewa, ke layi ɗaya kuwa shi ne tashar auna maganaɗisun ƙasa da ke Kakioka a Ibaraki: wutar da Tokiyo ke amfani da ita tana rikita awon, don haka bayan Toride aka sa wata irin wuta, sai jirgin da ke shan duka biyun ne ke wucewa. Tsukuba Express ma haka take yi bayan Moriya.

Ta ɓangaren shiga gari kuwa, tun Maris 2015 wasu jiragen kan wuce Ueno har babbar tashar Tokiyo, Shimbashi da Shinagawa, wasu a Ueno suke ƙarewa. Hitachi da Tokiwa, jiragen tokkyu na JR, ba sa tsayawa a nan, wucewa suke da gudu, ka matsa bayan zanen rawaya da ke ƙasan dandamali.

Yaya safiya take? Da gaske ana tura mutane cikin tarago?

Daga bakwai da rabi zuwa tara, ranakun aiki, a kan jiragen da suka nufi gari. Japan na auna cunkoso da kashi cikin ɗari: 100 kowa ya samu kujera ko madauri, 150 ana iya buɗe jarida, 180 sai an naɗe ta, 200 jiki ya matsu da jiki. Kafin korona Chiyoda tsakanin Machiya da Nishi-Nippori, tashoshi biyun da ke bin Kita-Senju, tana kusan 180. Ya ragu daga baya, amma bai zama wasa ba. Ma'aikata kan tsaya a bakin ƙofofi, aikinsu mafi yawa shi ne tura jaka ko gefen riga da ya hana ƙofa rufewa.

Tsarin hawa ba wuya. A yi layi a alamar ƙasa, jirgi ya tsaya a dare gida biyu, masu sauka su gama, sannan a shiga. Jakar baya a juyo da ita gaba ko a ɗora a kanta ta sama. Idan kana bakin ƙofa a tashar da ba taka ba, ka fita ka tsaya gefe, a sauka, ka koma. Wanda ya kafe a ƙofa shi ke jawo jinkiri, kuma shi ake hararar. Waya a kashe mata ƙara, ba a amsa kira.

Mai son zama a Hibiya ya nemi jirgin da daga nan yake farawa, shihatsu. Yana da layin jiransa daban, sau da yawa sai ka bar ɗaya ko biyu sun wuce. Taragan da ke daidai da matakala su suka fi cika, ka taka zuwa ƙarshen dandamali. Kuma idan Ueno ko Akihabara za ka, hanya ta fi ɗaya: Hibiya da Joban duk suna kai Ueno cikin kusan minti goma, Hibiya da Tsukuba Express duk suna kai Akihabara.

Ni mace ce. Akwai taragon mata?

Akwai a Chiyoda, Hibiya, Tobu da Tsukuba Express, da safiyar ranakun aiki. Za ki ga alama mai ruwan hoda a ƙasan dandamali da jikin taga, da lokacin a rubuce. Yara maza 'yan firamare da naƙasassu da masu rakiyarsu na iya shiga. Bayan lokacin ya wuce tarago ne kamar kowanne. Idan wani ya taɓa ki a cikin cunkoso, kalmar ita ce chikan. Ki faɗe ta da ƙarfi, ki gaya wa ma'aikaci a tasha ta gaba. Laifi ne da 'yan sanda ke kamawa a kai.

Jirgi ya makara, na makara a wurin aiki. Wa zai yarda da ni?

Karɓi chien shomeisho, takardar shaidar jinkiri, a bakin ƙofa, ko ka sauke ta daga shafin kamfanin. Ofisoshi da makarantu sun san ta.

Idan layi ya tsaya gaba ɗaya, ana buɗe furikae yuso: a bar ka ka bi layin wani kamfani ba ƙarin kuɗi. A nan Kita-Senju ta fi yawancin tashoshi, domin hanyar shiga gari huɗu ce ko biyar. Amma ga tarkon: wannan alfarma ta mai teiki ce da mai tikitin takarda da ya riga ya saya. Wanda ya shiga da kuɗin da ke cikin kati kawai ba ya ciki, zai biya sabuwar hanyar. Mai teiki kuma kada ya taɓa katin a ƙofar ɗaya kamfanin, za a cire masa kuɗi. Ta tagar ma'aikaci zai bi ya nuna.

Dalilin da allo ke bayarwa yakan nuna tsawon jira. Duba tarago ko taimakon fasinja mara lafiya, mintoci ne. Jinshin jiko, wato jirgi ya buge mutum, yakan kai awa guda, domin sai 'yan sanda da masu ceto sun gama. Kada ka yi mamakin matsala a Kanagawa ta tsayar da jirgi a Saitama. Farashin wucewa kai tsaye ke nan. Idan abin ya yi tsanani sukan yanke haɗin, kowane kamfani ya juya jiragensa a kan iyaka, sai Kita-Senju ta cika maƙil da mutanen da a ranar lafiya ba sa sauka.

Guguwa da girgizar ƙasa fa?

Idan babbar guguwa na tafe, kamfanoni kan sanar tun kwana ɗaya ko biyu cewa za su dakatar da jirage daga ƙarfe kaza, kamar yadda aka yi a Oktoba 2019. Ka ɗauki sanarwar da gaske. Iska mai ƙarfi ma kaɗai na rage gudu, domin duk layukan da ke fita arewa sai sun haye gadojin Arakawa. Kogin nan a wannan wuri haƙa shi aka yi bayan ambaliyar 1910, aka gama a 1930, kuma Senju ƙasa ce mai kwari. Mazauni ya nemi taswirar ambaliya ta gundumar Adachi.

Girgiza mai ƙarfi na tsayar da jirage nan take. Ba a buɗe ƙofa a sauka kan dogo sai ma'aikaci ya ce. Bayanta sai an duba layi, wani lokaci a ƙafa. Ranar 11 ga Maris 2011 JR ba ta sake tashi ba har washegari.

Wayata ta faɗa kan dogo. Ko na manta jaka a jirgi.

Kada ka sauka, ko da ba ka hango jirgi ba. Gaya wa ma'aikaci, yana da doguwar sanda mai kamawa. Ƙaramin abu irin na saƙalawa a kunne, idan ya shige cikin tsakuwa, wataƙila sai bayan jirgin ƙarshe. Jan maɓallin gaggawa da ke jikin ginshiƙai na mutum ne da ya faɗa, ba na waya ba.

Jaka kuwa, riƙe abu uku: ƙarfe nawa jirgin ya tashi, ina ya nufa, tarago na nawa. Kamfanin da aka tsinci kayan a hannunsa shi ke ajiyewa, kuma saboda wucewa kai tsaye, abin da ka manta a Chiyoda na iya ƙarewa a hannun JR ko Odakyu. Bayan 'yan kwanaki ana miƙa wa 'yan sanda, su ajiye wata uku. Na Tokiyo cibiyarsu na Iidabashi. Je da shaidar kanka.

Ina da manyan akwatuna, ko keken guragu.

Akwai lif zuwa kowane layi, amma ba a jere suke ba, kuma hanyar lif ta fi ta matakala tsawo sosai. Mai keken guragu ya faɗa wa ma'aikacin ƙofa inda za shi. Za a kawo allon hawa, a kuma kira tashar saukarsa a jira shi da wani. Akwatuna kuwa, in da hali kada a shigo da su kafin tara da rabi na safe. Akwai akwatunan ajiya na haya, manyan su ke fara cika.

Filin jirgin sama?

Narita: Joban zuwa Nippori, sannan jirgin Skyliner na kamfanin Keisei, wanda ke kaiwa cikin ƙasa da minti 40. Mai neman sauƙin kuɗi ya hau Tobu tasha ɗaya zuwa Ushida, ya tsallaka titi ya shiga tashar Keisei-Sekiya. Jirgin Joban da ke cewa Narita garin Narita yake zuwa ta Abiko, ba filin jirgi ba, sai an sake canji. Haneda: Joban mai zuwa Shinagawa sannan layin Keikyu, ko Hibiya zuwa Ningyocho ko Higashi-Ginza ka koma layin Asakusa na Toei.

Ina zan yi sallar Juma'a? Alwala fa?

Tokyo Camii, babban masallacin da Turkiyya ta sake ginawa a 2000 a gurbin na 1938, yana kusa da Yoyogi-Uehara, ƙarshen layin Chiyoda. Jirgi ɗaya ne daga nan, kusan minti 40, sai 'yar tafiya a ƙafa. Wanda ya fi wancan kusa akwai masallacin As-Salaam a Okachimachi, ta Naka-Okachimachi a kan Hibiya. Banɗakunan tasha kyauta ne kuma da tsabta, amma wanke ƙafa a kwamin wanke hannu abu ne da Japanawa ke ƙyama ƙwarai. Ka fito da alwalarka ko ka bari sai masallaci. Tokyo Metro ta kwashe kwandunan shara daga tashoshinta tun 2022, don haka leda a jaka na da amfani.

Jirgin ƙarshe ƙarfe nawa?

Tsakanin sha biyun dare da ɗaya saura, amma kowane layi da kowace alƙibla da nasu. Mai zuwa nesa ke fara ƙarewa: na Kasukabe ko Tsukuba zai tafi tun ana sauran na Takenotsuka ko Matsudo. Abin dubawa shi ne jirgin ƙarshe da ke kai tasharka, tare da mintocin matakala. Daren Juma'a taragai kan cika da waɗanda suka fito daga mashaya, musamman a lungunan da ke gefen ƙofar yamma. Wanda ya rasa na ƙarshe sai tasi mai kuɗin dare, ko ya jira wajen biyar na asuba.

Ina zan ce wa mutum mu haɗu?

Kada ka ce "a ƙofar tikiti", sun fi a ƙirga da hannu ɗaya. Zaɓi waje. Yamma, nishi-guchi, ita ce mai shagunan Lumine da Marui, da gadar masu tafiya a ƙafa a saman tashar bas. Daga nan mintoci kaɗan ne zuwa tsohuwar hanyar Nikko, wadda yanzu kasuwa ce. Gabas, higashi-guchi, ita ce ɓangaren Jami'ar Tokyo Denki, da ta ƙauro nan a 2012. Ku ce ƙofar Marui a kan gadar yamma, ko bakin jami'a a gabas, ku kuma faɗi ƙarfe nawa. Wanda zai fito daga Chiyoda a ƙara masa minti biyar, daga ƙasa yake hawowa.